Birni ɗaya, ƙananan hukumomi takwas: wa ke riƙe da kuɗi, wa ke riƙe da fili a Kano?

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, jama'a da dama suka ɗauka magana ta ƙare: ciyaman zai karɓi kuɗinsa a hannu, ya yashe magudanar ruwa, ya kwashe bola, ya rufe ajin firamaren da iska ta yaye. Damina ta zo ta wuce, unguwanni da yawa suna nan yadda suke, sai tambayoyi suka dawo sababbi. Shin kuɗin ne ba su iso ba, ko sun iso amma ba sa isa, ko kuwa aikin da ake jira tun asali ba na ƙaramar hukuma ba ne?

Tafiyar da babban birni tana tsaye ne a kan kuɗin da za a kashe, da ikon cewa ga abin da za a gina a kan wane fili, da kuma hanyar da hukumomin da ke maƙwabtaka za su yi aiki tare a kan abin da ya ratsa iyakokinsu. Hukuncin kotun ya taɓa na farkon ne kawai, shi ma ba duka ba. Birnin Kano wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, domin abin da mutane ke kira birni ɗaya a baki, a takarda ƙananan hukumomi takwas ne: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Ƙidayar 2006 ta ba su mutum kusan miliyan 2.8 a haɗe, kuma tun daga lokacin gine-gine suka malala zuwa cikin Dawakin Kudu, Gezawa, Tofa da Dawakin Tofa.

## Abin da kotu ta ce, da abin da ba ta taɓa ba

Ministan Shari'a na Tarayya, Lateef Fagbemi, shi ne ya kai jihohi 36 ƙara, kuma alƙalai bakwai ne suka saurare ta, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce riƙe kuɗin ƙananan hukumomi da gwamnoni ke yi ya saɓa wa kundin tsarin mulki, ta ce gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi ko kwamitin riƙo, sannan ta hana a saki kuɗi ga ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke tafiyar da ita ba.

Tushen rigimar yana cikin sashe na 162 na kundin 1999, wanda ya umarci kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da za a zuba kason ƙananan hukumominta, da na tarayya da wanda ita jihar za ta ƙara daga kuɗin shigarta. Manufar asusun ita ce ya zama mashigar da kuɗi za su bi su wuce. Abin da ya faru a jihohi da yawa shi ne ya zama ma'ajiya: a cire albashi, a cire kuɗin ayyukan haɗin gwiwa, a miƙa wa ciyaman ɗan abin da ya rage don tafiyar da ofis. Kotun ta kafa hujja da cewa tunda an daɗe ana amfani da asusun wajen rusa manufar da aka kafa shi dominta, adalci shi ne kuɗin su tafi kai tsaye. Masu sukar hukuncin a cikin lauyoyi suna cewa sashen yana nan daram ba a goge shi ba, kuma gyaran kundi aikin majalisu ne, wanda ke buƙatar amincewar majalisun jihohi 24. An sha kai ƙudurin 'yancin ƙananan hukumomi wannan mataki yana faɗuwa.

Hukuncin bai taɓa sashe na 7 ba, wanda ya ba majalisar dokokin jiha ikon yin doka kan kafuwa, tsari, kuɗi da ayyukan ƙananan hukumomi. Ta wannan ƙofar ce jihar Anambra ta bi a Oktoban 2024, ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta su mayar da wani kaso cikin asusu guda bayan sun karɓa. Haka kuma bai taɓa hukumomin zaɓe na jihohi ba. Jihohi sun yi rige-rigen gudanar da zaɓe bayan hukuncin, kuma kusan ko'ina jam'iyyar da gwamna ke goyon baya ce ta lashe; a Kano, zaɓen 26 ga Oktoba, 2024 ya ba jam'iyya mai mulkin jihar a lokacin kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 gaba ɗaya. Fiye da shekara guda bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE tana ci gaba da kukan cewa biyan kai tsaye bai kankama ba.

## Daga En'e zuwa sakatariya

Dattawan Kano suna tuna lokacin da birnin ke ƙarƙashin hukuma ɗaya. En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, tana da baitulmalinta, tana karɓar haraji da jangali, tana da 'yan doka da gidan yari da ma'aikatar ayyuka, kuma da kuɗinta aka kawo ruwan famfo da wutar lantarki cikin birni a farkon shekarun 1930. Tsarin yana da nasa zaluncin, musamman wajen karɓar haraji, wanda shi ne ya zama abin yaƙin jam'iyyar NEPU, kuma shi ya sa gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali da hawanta a 1979. Abin lura a nan shi ne hukumar da ke karɓar kuɗin a wancan zamani ita ce ke yin aikin, kuma iyakarta ta haɗe birnin da ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, da ƙananan hukumomi kimanin 300, kowacce da kaso daga tarayya. Daga nan gwamnatocin soja suka yi ta ƙirƙiro sababbi har adadin ya kai 774 a 1996. Da yake kowace sabuwar ƙaramar hukuma tana nufin ƙarin kaso daga Abuja, kowane yanki ya nemi tasa, kuma manyan birane suka tsattsage ba tare da an bar wata hukuma da za ta kalle su a dunƙule ba. Giɓin da aka bari gwamnatin jiha ce ta cike shi da hukumominta.

## Yadda kasafin ƙaramar hukuma yake

Kasafin kuɗi takarda ce da ke ƙiyasta abin da hukuma za ta samu da abin da za ta kashe daga Janairu zuwa Disamba. Ɓangaren kashewa ya kasu biyu: ayyukan yau da kullum, wato albashi, alawus, man mota da takardun ofis, sai manyan ayyuka kamar titi, kwalbati, rijiyar burtsatse da ginin asibiti. Sashen tsare-tsare da ma'aji ne ke haɗa daftarin, ciyaman ya gabatar wa majalisar kansiloli, amma ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha ce ke fitar da ƙa'idojin da za a bi kuma ta tace shi, a wasu jihohin ma sai ya ratsa majalisar dokoki. Mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi shi ma jami'in jiha ne.

Mafi yawan kuɗin daga Abuja suke zuwa. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, sannan suna da kashi 35 na harajin kayayyaki na VAT. Wajen raba kason asusun tarayya a tsakaninsu, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa, ci gaban zamantakewa da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Wannan ma'auni yana da amfani ga karkara, domin yana hana a bar ƙaramar hukuma mai ƙarancin jama'a hannu rabbana. Ga birni kuwa yana da naƙasu guda babba: yana ƙirga mutum ne a inda yake kwana. Ɗan kasuwar da ke kwana a Bachirawa an ƙirga shi a Ungogo, amma wuninsa a Kantin Kwari yake yi, cikin Fagge. A can yake zubar da leda da kwali, a can motar kayansa ke taka titi, a can yake neman ban ɗaki. Dubban ɗaruruwan mutane ne ke irin wannan zirga-zirga kullum, kuma ma'aunin rabon bai san da su ba.

Kafin ciyaman ya taɓa komai, albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya a matakin farko da na ma'aikatan sakatariya sun lashe kaso mafi tsoka, ga kuɗin fansho, ga kason masarautu. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya sa adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru sosai, sai dai farashin siminti da rodi da dizal shi ma ya tashi, sannan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024. Abuja ta nuna yadda lissafin zai iya kasancewa: a 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin babban birnin tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ba a biya su sabon albashin ba.

Kuɗin shiga na cikin gida kuwa, doka ta ware wa ƙaramar hukuma kuɗin rumfunan kasuwa, tashar mota, mayanka, shaguna, lasin keke da baro da amalanke, rajistar aure da haihuwa, da harajin gidaje. A birane irin Kano harajin gidaje ne kaɗai a cikin waɗannan zai iya kawo kuɗi mai kauri, kuma shi ne aka fi sakaci da shi, saboda yana buƙatar rajistar gidaje da ƙiyasin darajarsu, abin da ba ya yiwuwa a unguwar da ba ta cikin taswira. Manyan kasuwanni kuma, dokar haraji ta 1998 ta ce duk kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki, jiha ce za ta karɓi harajinta. Sakamakon shi ne ƙaramar hukuma ta koma bin mai tebur da mai baro da rasit, wanda ke jawo ƙiyayya mai yawa a kan kuɗi kaɗan.

## Fili a hannun gwamna

Tsara amfani da filaye shi ne hukuma ta keɓe wa kowane yanki abin da za a yi a cikinsa: nan gidajen zama, can masana'antu, nan kasuwa, nan makaranta da maƙabarta, nan kuma hanyar ruwa ce ba a gini. Ya haɗa da faɗin titi, tazarar da gini zai bari daga bakin hanya, da yawan benen da za a ɗora. Kano ba baƙuwar wannan ba ce. Tsarin raya birnin da ake kira tsarin Trevallion, wanda aka yi don shekaru 20 daga 1963 zuwa 1983, ya kalli birnin da kewayensa a matsayin abu ɗaya, kuma keɓe Bompai, Sharaɗa da Chalawa ga masana'antu misali ne na irin wannan tunani da har yau ake cin moriyarsa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ne ke ayyana yankin da ya zama birni, kuma a cikin wannan yanki shi kaɗai ke ba da takardar shaidar mallaka, da amincewarsa ake sayarwa ko jinginarwa, kuma yana iya ƙwace fili don amfanin jama'a ya biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka. Ƙaramar hukuma tana da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya ne kawai, a filayen da ba sa cikin yankin birni. An kuma cusa dokar cikin kundin tsarin mulki, don haka gyara ta sai an bi doguwar hanya. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta so ta ba kowace ƙaramar hukuma hukumar tsare-tsare tata, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, ta ce tsara birane hurumin jihohi ne. Shi ya sa a Kano izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, yake fitowa, jan fentin da ake shafa wa katangar da ta ci titi ma nata ne, kuma ciyaman ɗin Gwale ko na Tarauni ba shi da ta cewa a kan bene ko gidan man da za a kafa a tsakiyar unguwar da ya ci zaɓe a cikinta.

Inda abin ya fi tsanani shi ne bakin gari, inda gona ke komawa unguwa. Awon gwamnati ba ya fitowa da yawan da ake buƙata, kuma idan ya fito ba kowa ke samu ba. Manomin da ya ga birni ya tunkaro gonarsa, yana kuma tsoron a karɓe ta a ba shi diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, sai ya kira dillali su yanka ta da igiya. Kowane taku na ƙasa kuɗi ne, don haka ake matse hanya har ta zama lungun da adaidaita sahu biyu ba za su gifta juna ba, ba a bar filin makaranta ba, ba a bar na asibiti ba, kududdufin da ruwan unguwa ke taruwa a ciki ma a cike shi da shara a sayar. Mai saye yana karɓar takardar ciniki da sa hannun shaidu da na mai unguwa, ya yi gininsa da gumin goshinsa. Bayan shekara biyar wurin ya cika da iyalai, sai a tashi neman taransifoma da famfo da lambatu, kuma ƙofar da ake bugawa ita ce ta kansila da ciyaman, waɗanda ba su yanka filin ba, ba su da ikon hana yankawar, kuma yanzu duk hanyar da za su fitar sai an rushe ɗakin wani an biya shi. Sassa masu yawa na Kurna, Rimin Kebe, Ɗorayi, Sheka da Gaida ta haka suka tashi. Kuɗin kai wa irin waɗannan unguwanni aiki bayan an gama gini ya ninka abin da za a kashe da an fitar da hanyoyin tun wurin yana gona.

Tattara ikon fili a hannu ɗaya yana da wani sakamakon, wanda rusau ɗin Yunin 2023 ya fito da shi fili. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da filin Idi da wasu wurare, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne gwamnatin da ta gabata ta cefanar ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan sun ce da takardun gwamnati suka yi gininsu, kuma Babbar Kotun Tarayya ta ba masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum ya ga ya fi gaskiya, abu ɗaya ya tabbata: an sauya amfanin filayen, an sake sauya shi, ba tare da an bi ta kan wata majalisar kansiloli ko zaman jin ra'ayin mazauna wurin ba.

## Abin da ya ratsa iyaka

Kogin Jakara yana tasowa ne daga cikin tsohon birni, ya bi ta yankin Fagge, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ya ƙare a madatsar Wasai cikin Minjibir, inda manoman rani ke ban ruwa da shi. Sharar da aka zuba a sama tana toshe kwalbati a ƙasa, kuma ƙaramar hukumar da ta kashe kuɗinta ta yashe nata ɓangaren ba ta tsira ba muddin maƙwabciyarta ba ta yashe nata ba. Haka shara take: Fagge da Birni da Kewaye ba su da filin da za su mayar juji, dole a kai ta gefen gari, wato cikin ƙasar wata ƙaramar hukuma wadda mutanenta za su shaƙi warin. Ruwan famfo daga Tamburawa da Chalawa yake tasowa, kasuwar hatsi ta Dawanau tana cikin Dawakin Tofa amma manyan motocinta titunan birni suke bi, annobar amai da gudawa kuma ba ta tsayawa a allon da aka rubuta sunan ƙaramar hukuma.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya lissafa kwashe shara, magudanan ruwa, fitilun titi, kasuwanni da tashoshin mota cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A aikace kuwa hukumar jiha ta REMASAB ce ke kwashe shara a birnin Kano, KAROTA, ita ma ta jiha, ke kula da zirga-zirga, hukumar ruwa ta jiha ke ba da ruwa. Jiha ta karɓi ayyukan ne saboda sun fi ƙarfin yanki ɗaya, kuma wannan ce hujjar da gwamnoni suka daɗe suna bayarwa ta taɓa asusun haɗin gwiwa. Idan kuɗi suka koma hannun ciyamomi takwas alhali ayyukan suna hannun hukumomin jiha, dole a amsa tambayar wa zai biya, kuma nawa.

## Matsayin ɓangarorin

Masu goyon bayan cikakken 'yanci, ciki har da NULGE da ƙungiyoyin farar hula da yawa, suna cewa wanda ya fi kusa da matsala shi ya fi sanin maganinta, kuma idan jama'a suka san adadin da ya shigo sakatariya a wata, sun san wanda za su tuhuma. A ganinsu asusun haɗin gwiwa ya mayar da ciyaman mai biyan albashi kawai, ya kuma kashe sha'awar mutanen kirki ta neman kujerar.

Gwamnoni da masu ra'ayinsu suna cewa haɗa kuɗi wuri ɗaya ne ke sa ƙaramar hukuma mai yawan ma'aikata ta iya biyan albashi da taimakon wadda ke da rara, kuma akwai ayyukan da sai an tara ƙarfi. Ƙungiyar malamai ta NUT ba ta adawa da 'yancin gaba ɗaya, amma ta daɗe tana neman kada a mayar da albashin firamare hannun ciyamomi, kuma tana da dalili daga tarihi: da aka miƙa ilimin firamare ga ƙananan hukumomi a 1991, malamai sun yi watanni ba albashi, har aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Akwai kuma masu cewa sauya hanyar da kuɗi ke bi ba zai sauya komai ba matuƙar gwamna ne ke zaɓar wanda zai zama ciyaman, domin wanda aka ɗora ba zai ƙi mayar da abin da aka ce ya mayar ba.

Kowace hujja a cikin waɗannan tana da abin da ta dogara da shi. Sai dai muhawarar gaba ɗayanta a kan mai riƙe kuɗi take, kuma ba kasafai ake jin wani ɓangare ya kawo maganar birnin da ya kasu takwas ba, ko maganar cewa mai ikon fili daban, mai ɗaukar nauyin abin da aka gina a kan filin daban.

## Hanyoyin da aka gwada a wasu wurare

Jihar Kaduna ta kafa hukumomin birane uku a 2021, na Kaduna, Zariya da Kafanchan, kowacce da shugaban da gwamna ya naɗa don ya haɗa ayyukan ƙananan hukumomin da birnin ya mamaye. Tsarin ya amsa matsalar rarrabuwa, amma ya jawo ƙorafin cewa naɗaɗɗe ya hau kan zaɓaɓɓu. Legas ta bi ta hanyar haraji: tun 2001 ta haɗe harajin gidaje da kuɗin ƙasa cikin haraji ɗaya wanda jiha ke karɓa a madadin ƙananan hukumomi a raba, abin da ya ƙara kuɗin shiga amma ya ƙara wa jiha ƙarfi a kansu.

A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wata hanyar daban. Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa suna da matsayi na musamman: a yadda aka tsara, kowanne birni ne guda mai majalisa da magajin gari, a ƙarƙashinsa kuma akwai gundumomi, biyar a Yamai, biyar a Damagaram, uku a Maraɗi, biyu a Tawa. Kasafi da tsarin birni suna sama, hidimar yau da kullum tana gunduma. Tsarin ya fi dacewa da yadda birni yake a zahiri, ko da yake bai tsira daga siyasar sama ba, domin a Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ta naɗa kantomomi.

A ƙarƙashin kundin Najeriya ba za a iya haɗe ƙananan hukumomi takwas su zama ɗaya cikin sauƙi ba, tunda sunayensu suna cikin kundin, kuma babu yankin da zai yarda ya rasa kasonsa. Abin da doka ta bari a buɗe shi ne majalisar jiha ta kafa hukumar haɗin gwiwa ta birni, wadda zaɓaɓɓun ciyamomi za su zauna a cikinta da ƙuri'a, a rubuta ayyukan da aka miƙa mata, a rubuta kason da kowa zai zuba har da ita jihar, a kuma buga asusunta. Bambancin wannan da tsohon asusun haɗin gwiwa shi ne adadin sananne ne tun kafin a cire, aikin da za a yi da shi ma sananne ne. Sashe na 7 da kansa ya ce ƙaramar hukuma ta shiga cikin tsara tattalin arzikin yankinta, don haka ba ta kujera a teburin da ake yanka filaye bai saɓa wa komai ba.

## Abin da zai iso ga mazauna birni

Malamin firamare da ma'aikaciyar asibitin sha ka tafi su ne za su fara jin kowane sauyi. Idan aka koma biyan kai tsaye ba tare da an ware albashi tun daga tushe ba, ƙananan hukumomin cikin birni, waɗanda suka fi tara ma'aikata, su ne suka fi fuskantar haɗarin gaza biya, yayin da wasu na karkara za su samu rara. Ƙaramin ɗan kasuwa kuma yana iya ganin ƙarin masu rasit, domin hukumar da aka ce ta tsaya da ƙafarta za ta nemi kuɗin shiga, kuma idan ba a fayyace iyaka tsakaninta da hukumar haraji ta jiha ba, shago ɗaya zai biya sau biyu.

Mai niyyar sayen fuloti ya sani cewa hukuncin 2024 bai sauya komai a kan fili ba. Takardar ciniki da sa hannun mai unguwa shaida ce ta cewa an yi ciniki, amma ba ta hana jan fenti idan wurin ya faɗa kan hanya ko magudanar ruwa a taswirar jiha, kuma tambaya a ofishin tsara birni kafin a biya kuɗi ta fi araha a kan shari'a bayan an yi gini. Mazauna unguwannin awon igiya da suka riga suka kafu kuwa, ƙarin kuɗi a sakatariya zai iya kawo musu burtsatse da kwalbati da gyaran aji, waɗanda ayyuka ne daidai ƙarfin ƙaramar hukuma, amma babbar magudana da titin da zai fitar da su zuwa bakin kwalta suna buƙatar hannun jiha da na maƙwabta.

Akwai kuma abin da ɗan ƙasa zai iya bibiya da kansa. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna fitar da abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2025 cewa ta shafi jihohi, ta ba kowa damar neman kwafin kasafi a rubuce. Ƙungiyar ci gaban unguwa da ta riƙe adadin da aka ware a Abuja a hannu ɗaya, da kasafin da kansiloli suka amince da shi a ɗaya hannun, za ta iya gane nawa ne ya iso, nawa aka cire kafin ya iso, da kuma ko kwalbatin da aka yi mata alkawari yana cikin takardar ko babu.